Jagorar Ziyartar Gidan Kayan Fasaha na V&A da ke Landan da Cin Abinci a Lambunsa

Gidan adana kayan fasaha na Victoria and Albert, wanda mutanen Landan ke taƙaita sunansa su ce V&A, yana unguwar South Kensington, kuma girmansa shi ne abu na farko da ke cin baƙo da yaƙi. Ɗakunan nuninsa sun kai kimanin 145, kayan da ya mallaka sun haura miliyan biyu, shekarun da suka ratsa kuwa sun kai dubu biyar. Wanda ya shiga da niyyar ganin komai a yini ɗaya zai fito da ciwon ƙafa da hotuna cike da waya, amma da wuya ya iya ba da labarin abu uku da ya gani da kyau. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya zaɓi ɗakuna kaɗan tun daga masauki, ya raba yininsa gida biyu, ya sa lambun da ke tsakiyar ginin da ɗakunan cin abincinsa a tsakani, domin a wannan gida wurin cin abincin ma yana cikin kayan kallo.

An kafa gidan a shekarar 1852 da ribar da aka samu daga babban baje kolin duniya na 1851, kuma Henry Cole ne shugabansa na farko. An dawo da shi South Kensington a 1857, sannan a 1899 Sarauniya Victoria ta aza harsashin ginin da ke fuskantar titin Cromwell Road, aka sa masa sunanta da na mijinta. Tun asali an gina shi ne don masu sana'ar hannu, wato masaƙa da maƙera da masassaƙa da magina su zo su ga aikin gwanaye na ƙasashe daban-daban su koya. Sanin wannan yana gyara wa mutum ido, domin zai daina neman zane-zanen da ake ratayewa a bango kawai, ya fara lura da saƙa da rini da ƙira da ɗinki, abubuwan da Bahaushe ya gada ya kuma san ƙimarsu.

Shiri tun daga masauki

Mataki na farko shi ne zaɓen rana. Gidan yana buɗewa kowace rana daga ƙarfe 10:00 na safe zuwa 5:45 na yamma, ranar Juma'a kuma ana kai wa ƙarfe 10:00 na dare, ko da yake wasu ɗakuna ne kawai ake bari a buɗe bayan yamma. Ana rufe shi daga 24 zuwa 26 ga Disamba. Shiga kyauta ce, ba a buƙatar tikiti don ganin kayan dindindin. Nune-nune na musamman da ake yi na 'yan watanni su ne ake biya, kuma waɗanda suka yi suna tikitinsu kan ƙare tun makonni kafin ranar, don haka sai a saya ta intanet. Ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi sauƙin cunkoso, sai dai idan an faɗa cikin hutun makarantu.

Kafin ka fita, ka buɗe shafin gidan na intanet ka duba abu biyu. Na ɗaya, jerin ɗakunan da aka rufe don gyara, domin gini ne tsoho kuma kusan kullum akwai sashen da ake aiki a ciki. Na biyu, rumbun binciken kayan gidan, inda kowane abu ke da shafinsa da ke nuna ko yana kan nuni da lambar ɗakin da yake, ko kuwa yana ajiye. Wannan na biyun yana da amfani musamman ga ɗan Nijeriya, domin gidan ya mallaki tukwanen Ladi Kwali, maginiyar nan da hotonta ke bayan takardar naira ashirin, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Rubuta sunanta a wurin binciken zai nuna maka inda randunanta masu zanen kada da ƙadangare da kunama suke a lokacin da za ka je. Ka kuma tabbata adireshin da ka sa a taswirar waya na South Kensington ne, domin gidan yana da rassa masu kama da suna a gabashin Landan, har da wani a garin Dundee na Sikotilan.

Batun sallah ma a tsara shi tun da wuri. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu na yamma, wanda ke nufin azahar da la'asar da magariba duk za su iya samunka a cikin gidan, alhali a watan Yuni magariba sai bayan ƙarfe tara na dare. Ka tafi da alwalarka da ƙaramar darduma mai naɗewa, idan lokaci ya yi ka tambayi ma'aikatan teburin karɓar baƙi wurin da babu hayaniya. Tun da shiga kyauta ce, fita a dawo ba ya cin ko kwabo.

Kaya kuwa, a rage su. Ana duba jakunkuna a ƙofa, ba a shiga da manyan akwatunan tafiya, wurin ajiye riguna da jaka kuma ana biyansa. Takalmi mai laushi ya fi komai muhimmanci, sai rigar sanyi mara nauyi ko laima, ko da gari ya waye da rana.

Hanya da ƙofar shiga

Tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa mafi kusa ita ce South Kensington, wadda layukan District da Circle da Piccadilly ke bi. Layin Piccadilly ma yana zuwa kai tsaye daga filin jirgin sama na Heathrow. Ana biya da katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, ko katin banki na taɓawa, kowane babba da nasa katin, yara 'yan ƙasa da shekara 11 kuma suna shiga kyauta idan suna tare da babban da ya biya. Motocin bas na Landan ba sa karɓar tsabar kuɗi. Daga tashar akwai doguwar hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ƙasa da ke kai mutum har cikin gidan ba tare da ruwan sama ya taɓa shi ba.

Duk da haka, ga mai zuwan farko shawarata ita ce ya fito sarari ya shiga ta babbar ƙofar Cromwell Road. Dalili shi ne daga nan fasalin gidan ke fitowa fili. Da ka shiga za ka ga wata ƙatuwar fitilar gilashi mai launin shuɗi da kore da rawaya tana reto daga ƙubba, aikin Ba'amurke Dale Chihuly, a ƙarƙashinta kuma teburin karɓar baƙi yake, inda za ka karɓi taswira. Idan ka fuskanci ciki, shagon sayar da tsaraba yana gabanka, bayansa akwai dogon zauren mutum-mutumi, bayan zauren sai lambu, bayan lambun sai ɗakunan cin abinci. A hagu akwai sashen ƙasashen Musulmi da na kudancin Asiya, a dama akwai na Sin da na Japan da manyan zaurukan kwafi. Wanda ya riƙe wannan layi guda, daga ƙofa zuwa lambu, ba zai ɓata ba, domin duk inda ya ruɗe sai ya nemi lambu ya sake farawa. Akwai zagayen kyauta da masu aikin sa-kai ke jagoranta kullum, ana kuma samun 'yan kujeru masu naɗewa da za a iya ɗauka ana yawo da su, abin da zai taimaki wanda ya zo da dattijo.

Zagayen safe

Ka fara da ɗaki na 42, zauren Jameel na fasahar ƙasashen Musulmi, wanda aka buɗe a 2006, kuma ka daidaita shigarka da agogo. A tsakiyar zauren an shimfiɗa kafet ɗin Ardabil cikin ƙaton akwatin gilashi, kuma don kada haske ya cinye launinsa ana kunna masa fitila ne na minti goma kacal a kan kowace awa da rabin awa. Idan ka shiga gidan da ƙarfe goma, ka yi 'yan mintuna kana kallon sauran kayan zauren, sannan ka tsaya a bakinsa kafin 10:30.

Wannan kafet ya cancanci a ba shi lokaci. Tsawonsa ya haura mita goma, faɗinsa ya ɗara mita biyar, kuma an ƙiyasta ƙulle-ƙullen zarensa sun kai miliyan 26. An saƙa shi ne don hubbaren Shehu Safiyuddin da ke garin Ardabil a arewa maso yammacin Iran, kuma a gefe ɗaya akwai rubutu ɗauke da baitin waƙar Farisanci, da sunan Maksud Kashani, da shekarar 946 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1539 zuwa 1540. Gidan ya saye shi a 1893 kan fam 2,000. Da fitila ta kama, ka fara kallo daga tsakiya, inda wani babban tambari mai launin rawaya yake zaune a kan fili shuɗi mai duhu da furanni suka cika, sannan ka lura da fitilun masallaci guda biyu da aka saƙa a ɓangarorinsa, ɗaya ta fi ɗaya girma. Masana suna da ra'ayoyi a kan dalilin wannan bambanci. Wasu suna ganin an yi shi ne don wanda ya zauna a gefen ƙaramar ya gan su kamar girmansu ɗaya. Ka zagaya ka gwada da idonka. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne fasali guda ne ya mamaye wannan faɗi duka ba tare da ya karkace ba, alhali hannuwa da yawa ne suka yi shekaru suna ƙulla shi zare bayan zare.

A cikin zauren dai akwai mumbarin katako na zamanin Sarki Ƙaitbay na Masar, wanda ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496, an ƙawata shi da 'yan guntayen katako da hauren giwa da aka harhaɗa suka ba da siffar taurari. Akwai kuma wata buta da aka sassaƙa daga dunƙulen dutse mai kama da gilashi a Masar ta zamanin Fatimiyawa, kimanin shekara dubu da suka wuce, wadda sirantar jikinta ke sa mutum ya yi mamakin yadda ba ta fashe a hannun mai yin ta ba. Wanda ya yi karatun allo zai ji daɗin tsayawa yana karanta rubuce-rubucen da ke jikin fitilu da tayil da kwanonin tagulla.

Daga nan, idan sashen kudancin Asiya yana buɗe, ka nemi damisar Tipu Sultan, sarkin Mysore da ke kudancin Indiya, wadda aka sassaƙa da katako tana danne da sojan Bature, a cikinta kuma akwai na'urar da ke fitar da gurnani da ihu. Sojojin Birtaniya ne suka kwashe ta bayan sun kashe sarkin a 1799. Wannan yana tuna wa mai kallo cewa ba duk abin da ke gidan ne aka saya ba. Akwai zinaren Asante da aka kwasa daga fadar Kumasi a 1874, wanda a 2024 aka mayar da guda 17 zuwa gidan tarihin fadar Manhyia a matsayin aro, akwai kuma kambin zinariya na Habasha da aka ɗauko daga Maƙdala a 1868. Yana da kyau mutum ya riƙa karanta layin ƙarshe na takardar bayanin kowane abu, inda akan faɗi yadda ya shigo gidan.

Kafin cin abinci, ka tsallaka dama zuwa zaurukan kwafi, 46a da 46b, waɗanda aka buɗe a 1873. Kayan da ke nan kwafi ne da aka zuba da farar ƙasa domin ɗaliban da ba su da halin zuwa Italiya su ga manyan ayyuka da girmansu na ainihi. Ginshiƙin Trajan na birnin Rum ya yi wa rufin tsawo, shi ya sa aka raba shi biyu aka jera. Mai zuwa da iyali ya sani cewa a nan, da kuma dogon zauren da ke gefen lambu, akwai mutum-mutumi da yawa marasa sutura, har da kwafin Dawud, aikin masassaƙin Italiya Michelangelo. Wanda hakan zai dame shi yana iya musanya wannan sashe da na Japan da ke maƙwabtaka da shi.

Lambu da abinci

Lokacin cin abinci shi ne inda dabara ke aiki. Daga ƙarfe sha biyu da rabi zuwa biyu layi kan yi tsawo, teburi kuma sai an yi farauta, saboda haka ko dai ka isa kafin sha biyu, ko ka daure har bayan ƙarfe biyu. Ni na fi son na farkon, domin bayan awa biyu na kallo ido ya riga ya gaji ko da ciki bai nema ba.

Lambun John Madejski tsakar gida ne da gine-ginen jan bulo suka kewaye ta kowace fuska, an sake fasalinsa a 2005. A tsakiyarsa akwai ruwa mara zurfi mai siffar ƙwai, da matakala kewaye da shi inda mutane ke zama, yara kuma sukan tuɓe takalma su shiga wasa a lokacin zafi. Mai ƙananan yara ya zo da tawul da kayan canji, don hana su ba zai yi sauƙi ba. Ginin da ke arewacin lambun shi ne aka nufa ya zama fuskar gidan tun farko, shi ya sa aka ƙawata shi haka, har da hoton Sarauniya Victoria da aka jera da ƙananan duwatsu a can sama. A jikin wani bango kuma akwai 'yan alluna biyu na tunawa da karnuka, ɗayansu Jim, karen Henry Cole.

Rumfar sayar da abinci ta lambu tana bin yanayin gari, kuma abin da take sayarwa marar nauyi ne, irin su shayi da kofi da sanwici da kek da abin sha mai sanyi. Wanda yake son abinci mai zafi sai ya shiga babban wurin cin abincin da ke bayan lambun. Tsarin na ɗauki-da-kanka ne: ka ɗauki tire, ka je kantar da ke da abin da kake so, ka biya, sannan ka nemi wurin zama. Idan kun kai ku biyu, ɗaya ya kama teburi, ɗaya ya bi layi. Biya da kati ya fi sauri, kuma ba a ɗora wa mutum ba da tukuici a irin wannan wuri.

Musulmi ya kula da abin da yake zaɓa. Kada ka ɗauka naman halal ne sai ka tambaya an tabbatar maka, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka tsaya a kan kifi da ƙwai da cuku da kayan lambu. Harafin V a jikin takardar abinci yana nufin babu nama, VG kuma yana nufin babu komai na dabba. Sunayen ham da bacon da chorizo da prosciutto da pancetta duk naman alade ne, kuma sukan ɓuya a cikin sanwici da miya. A ɓangaren kayan zaƙi, ka tambaya ko an sa gelatine, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabba, ko giya. Ma'aikatan sun saba da irin wannan tambaya, domin dokar ƙasar ta tilasta musu bayyana sinadarai 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, ciki har da gyaɗa da riɗi da madara. Ana sayar da barasa a wurin, amma hakan ya zo da wata fa'ida, domin doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da ita a Ingila ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Wanda yake son ɗanɗana abin mutanen ƙasar ya nemi scone, wani ɗan dunƙulen burodi mai ɗan zaƙi da ake tsagawa biyu a shafa masa kirim mai kauri da jam, a kora da shayi mai madara. Farashi na tsakiyar Landan ne, don haka mai lissafi da naira gara ya karya kumallo sosai kafin ya fito.

Ko da a lambu ka ci, kada ka tafi ba ka leƙa tsofaffin ɗakunan cin abinci guda uku ba, waɗanda aka fara amfani da su a 1868. Wannan gida shi ne gidan kayan tarihi na farko a duniya da ya tanadi wurin cin abinci, saboda Cole yana son leburan da ya tashi daga aiki ya zo ya yi kallo da fitilar gas ba tare da yunwa ta kore shi ba. A wancan zamani har jerin abinci iri biyu ake da shi, na masu hali da na masu ƙaramin ƙarfi. Ɗakin Gamble, wanda ke tsakiya kuma ya fi girma, an lulluɓe bangonsa da ginshiƙansa da tayil mai sheƙi, rufinsa kuma ƙarfe ne mai fenti, ba don ado kawai ba, har don kada gobara ta ci shi kuma kada ƙaurin abinci ya kama shi. Ɗakin Poynter na gashin nama ne, murhunsa na ƙarfe yana nan har yau, tayil ɗinsa shuɗi da fari kuma ɗalibai mata ne na makarantar zane da ke harabar suka zana shi. Ɗakin Morris kore ne mai duhu, shiru ya fi yawa a cikinsa, kuma yana daga cikin manyan ayyukan farko da kamfanin mai zanen kayan ado William Morris ya samu, mutumin da daga baya ya matsa wa gidan lamba ya sayi kafet ɗin Ardabil. Idan ana ruwa, nan ne mafaka. Idan rana ta fito, ka ci a lambu, sannan ka shiga ka zagaya ɗakunan da kofin shayi a hannu.

Zagayen yamma da fita

Bayan abinci, ka zaɓi abu biyu kawai. Mai sha'awar ado ya hau zuwa ɗakunan kayan ƙawa, 91 zuwa 93, inda aka jera sarƙoƙi da zobba da kambuna fiye da 3,000 cikin duhu mai ɗan haske. Mai sha'awar tukwane ya hau lif zuwa bene na can sama, inda tangaran da tukwanen ƙasashe da yawa suka cika kabad-kabad na gilashi, kuma saboda nisansa mutane ba su cika kai wa can ba. Mai son zane ya je ɗaki na 48a ya ga manyan zane bakwai na Raphael, mai zanen Italiya, waɗanda Paparoma Leo na Goma ya ba da aikinsu a 1515 don masaƙa su kwaikwaya, kuma suna gidan a matsayin aro daga gidan sarautar Ingila tun 1865. Yara kuwa gadon Ware zai ba su dariya, gadon katako na wajajen 1590 da faɗinsa ya wuce mita uku.

Ana barin ɗaukar hoto don amfanin kai a yawancin ɗakuna, amma ba da sandar kafa kyamara ba, wasu nune-nune na musamman kuma suna hanawa gaba ɗaya. Ka ɗauki hoton takardar bayani tare da hoton abin, in ba haka ba bayan wata ɗaya ba za ka tuna ko na Iran ne ko na Turkiyya ba. Kada ka taɓa komai sai inda aka rubuta an yarda, kuma kada ka shiga ɗakunan nuni da abinci ko abin sha.

Ma'aikata sukan fara sallamar mutane daga ɗakuna 'yan mintuna kafin lokacin rufewa, don haka mai son tsaraba ko mai kaya a wurin ajiya ya sauko da wajen ƙarfe biyar. Ka fita ta ƙofar Exhibition Road, wadda aka buɗe a 2017, ka ratsa farfajiyar da aka shimfiɗe da tayil ɗin tangaran. Idan ka fito titi ka juya ka dubi bangon dutsen ginin, za ka ga ramuka da tabo da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka bari, waɗanda aka ƙi cikewa da gangan aka kuma sassaƙa bayaninsu a gefe. Gidan tarihin halittu da gidan kimiyya suna tsallaken titin, su ma kyauta ake shiga, amma a bar su sai wata ranar. Tashar South Kensington tafiyar minti biyar ce daga nan idan ka yi kudu.